Bitar Shugabannin Ikkilisiya a Katsina: Abin da Na Gani Cikin Kwana Uku

Bayan an gama ɗaure gero, iska ta fara juyawa zuwa sanyi, dattawan ikkilisiyarmu suka tashe mu mu uku, ni da ma'aji da shugabar zumuntar mata, zuwa wata bita ta kwana uku wadda wata ƙaramar cibiyar horar da ma'aikatan ikkilisiya take shiryawa a cikin birnin Katsina. Ni ne sakataren sashen Hausa na majami'armu, shekara shida ke nan ina rubuta rahoton zaman dattawa, saboda haka na san yadda muke yanke shawara, na kuma san yadda shawarar take kwana a cikin littafi ba a sake waiwayarta ba. Tun dawowarmu 'yan'uwa daga ikkilisiyoyi dabam-dabam suke tambayata ko bitar ta isa a kashe mata kuɗi da lokaci, shi ya sa na ga ya fi kyau in zauna in rubuta amsar gaba ɗaya, da abin da ya gamsar da ni da wanda bai gamsar da ni ba.

Batun bitar shi ne yadda shugabanni za su tantance abin da ya kamata ikkilisiya ta sa gaba a cikin hidimarta, da yadda jama'a za su ga wannan zaɓi a jikin shugabannin kansu. Kowane mutum ya biya N15,000, kuɗin da ya ƙunshi wurin kwana da abinci sau uku a rana da takardun darasi. Mun kai mutum 40, wasu daga cikin gari, wasu daga Funtuwa da Malumfashi da Kafur da Bakori da Dutsin-Ma, har da mutum biyu daga Daura, kuma ba 'yan ɗarika ɗaya ba ne. Game da masauki ba ni da dogon bayani. Maza sun kwana a babban ɗaki ɗaya a kan katifu, mata a wani ɗaki na gefe, akwai ruwan burtsatse da fitilun sola, amma makewayi biyu ne kacal ga maza fiye da 30, abin da ya sa layin asuba ya riƙa cin lokacin addu'ar safe. Abinci kuwa ya wadatar, koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwon masara da miyar kuka da dare, kuma ana kawo shi a kan kari.

Abin da ya bambanta wannan bita da waɗanda na taɓa halarta ya fara ne tun daga takardar gayyata. An gindaya sharaɗi cewa kowace ikkilisiya ta zo da littafin kuɗin shiga da fita na shekarar da ta wuce, kowane shugaba kuma ya rubuto yadda ya yi amfani da kwanakinsa a makonni biyu kafin zuwansa, ba tare da ya ƙawata kome ba. Ma'ajinmu, wanda dattijo ne mai amana ƙwarai, ya yi ta jan ƙafa yana cewa sirrin gida ba a kai shi kasuwa, sai da fastonmu ya sa baki sannan ya naɗe littafin a cikin leda ya sa a jaka.

Jagoran bitar wani Rabaran ne da ya yi ritaya, ya haura shekara 70, kowa yana ce masa Baba. A zama na farko bai buɗe da lacca ba. Ya raba wa kowace ikkilisiya takarda ya ce mu rubuta abubuwa uku da muka fi bai wa muhimmanci, kuma da aka liƙa takardun a bango sai ga shi kusan duk bakinmu ɗaya: shelar bishara, koyar da Maganar Allah, kula da mabukata. Baba ya karanta su ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Daga nan ya sa aka kawo mudun wake da ƙananan kwanukan roba, ya ƙirga wa kowace ikkilisiya ƙwaya 20, ya jera mana kwanuka bakwai da suna a jikin kowanne: gini, albashi, kason gunduma, bukukuwa da taruka, bishara, gwauraye da marayu, yara da matasa. Ya ce ƙwaya 20 ɗin nan su ne dukan kuɗin da ya shigo hannunmu bara, da baiko da zakka da gudummawa, mu buɗe littafi mu raba su daidai da yadda muka kashe.

Mun zauna a kan tabarma mu uku, ma'aji yana karantowa, ina haɗa lissafi, Mama, wato shugabar zumuntar mata, tana jefa wake. Gini ya ɗauki tara. Albashin fasto da mai gadi ya ɗauki biyar, kason da muke aikawa gunduma ya ɗauki uku, bikin godiyar kaka da na Kirsimeti da tarbar manyan baƙi suka ɗauki biyu. Mama ta tsaya da ƙwaya ɗaya a tafin hannunta tana duban kwanukan da suka rage. Baba ya iso kanmu ya durƙusa a hankali saboda gwiwa, ya ce, "Mama, me kika gani?" Ta ce, "Baba, ƙwaya ɗaya ce ta rage, kwanuka kuwa uku ne, sai dai a fasa ta." Babu wanda ya yi dariya. Na ɗaga kai na dubi takardarmu da ke bango, abubuwa ukun da muka rubuta da hannunmu su ne kwanukan nan da suke wayam, jikina ya yi sanyi. Da na leƙa tabarmin maƙwabta kuma na tarar ba mu kaɗai ba ne.

Na yaba da yadda Baba ya bi da mu bayan wannan, domin da wani ne da ya samu abin faɗa na yini guda. Ya ce, "'Ya'yana, ban ce gini zunubi ne ba, duk wanda ya taɓa yin sujada ruwa yana zuba masa a ka ya san darajar kwanon rufi." Tambayoyinsa uku ne: wa ya yanke cewa gini zai ci kusan rabin kuɗin, a wane zama aka yanke, kuma yaushe ne ginin zai ƙare? Ni da nake riƙe da rahoton zaman dattawa na san babu ranar da muka zauna muka ce bana gini ne a gaba, gwauraye su dakata. Abin ya zo ne da kaɗan-kaɗan, yau siminti ya tashi a yi sauri a saya, gobe birkila yana jira, jibi an ga majami'ar maƙwabta ta sa tayil. A ganina wannan shi ne darasi mafi tsada a bitar, wato yawancin abin da ikkilisiya ta sa gaba ba zaɓarsa aka yi ba, wanda ya fi matsa lamba ne ya samu, gwauruwa kuwa ba ta zuwa zaman dattawa balle ta matsa.

Da rana ya kai mu Ayyukan Manzanni sura 6, inda Yahudawa masu jin Helenanci, wato harshen Girka, suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na yau da kullum, manzanni goma sha biyu suka tara jama'a suka ce bai dace su bar Maganar Allah su koma rabon abinci ba, aka zaɓi mutum bakwai don wannan aiki. Na sha jin ana karanta wurin nan a matsayin hujjar cewa fasto ba ruwansa da sha'anin tuwo. Baba ya nuna mana abin da muke tsallakewa. Manzannin ba su ce masu gunaguni su yi haƙuri ba, sun dakatar da kome sun kira taro. Ba su kuma miƙa aikin ga duk wanda ba shi da abin yi ba, sun nemi mutanen da ake yabo, cike da Ruhu da hikima, irin su Istifanas da Filibus. Sa'an nan dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, alamar cewa an danƙa rumbun ne a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Ya tambaye mu, a majami'un birni inda ake da sashen Hausa da sashen Turanci, ko inda ma'aikatan gwamnati suke zaune tare da 'yan ci-rani da manoma, wane ɓangare ne yake riƙe da jaka, wane ne kuma yake kuka? An daɗe ana muhawara a kan wannan, har aka ci rabin lokacin hutu, kuma ban ga wanda ya tashi ba.

Rana ta biyu ta shugabanni ce da kwanakinsu. Kowa ya fito da abin da ya rubuto na makonni biyu, aka ce ya ware sa'o'in da suka tafi a zaman kwamiti, da na ziyara, da na shirin wa'azi, da na gona ko sana'a, da na iyali. Fastoci da yawa sun yarda cewa daren Asabar suke haɗa wa'azin Lahadi, bayan sun gaji da zirga-zirgar mako. Baba ya karanta Fitowa sura 18, inda Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune yana shari'a tun safe har yamma, ya ce masa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a, ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni na dubu-dubu da na ɗari-ɗari da na hamsin-hamsin da na goma-goma. Ya ce ya san fastocin da makullin sito da na janareta da na ofis duk suna aljihunsu, in sun yi tafiya sai aiki ya tsaya cik, su kuwa suna ɗaukar wannan a matsayin himma. Amma bai yarda a kira gaisuwa ɓata lokaci ba. Ya ce a ƙasar nan zuwa ta'aziyya da barka da dubiya shi ne rabin kiwon tumaki, abin dubawa kawai shi ne gidajen wa ake zuwa. Ya sa kowa ya rubuta gidaje goma na ƙarshe da ya shiga, ya yi alama a kan waɗanda masu su suke da abin hannu. Wani fasto daga yankin Funtuwa ya miƙe da kansa ya ce takwas cikin goma nasa gidajen manya ne, akwai kuma tsohuwar da take bakin gari wadda rabonsa da ƙofarta tun kafin damina. Yadda ya faɗi maganar ba tare da an tilasta shi ba ya nuna mini cewa an riga an saki jiki a ɗakin.

Sashen da bai gamsar da ni ba shi ne na yammacin wannan rana, wanda wani matashin malami ya gabatar da majigi. Yana da ilimi, yana da ladabi, kuma tsarin da ya kawo na raba ayyuka gida huɗu bisa gaggawarsu da muhimmancinsu yana da amfani. Sai dai rubutun da ke allon duk Turanci ne, misalan kuma na manyan majami'un Amurka ne masu ma'aikata da yawa a ofis, alhali mai bisharar da ke kusa da ni shi ne fasto, shi ne malamin makarantar Lahadi, shi ne mai kaɗa ƙararrawa, kuma da gonarsa yake ciyar da gidansa. Jadawalin mako da aka ba mu mu cike bai san da damina ba, bai san da ranar kasuwa ba, bai san cewa rasuwa ɗaya a ƙauye tana ɗauke kwana uku ba. Takardun darasin ma rabinsu ba a fassara ba. Ban ga uzuri a nan ba. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka kuma sake fitar da sabuwar fassara a 1979. An kafa ɗarikar ECWA tun 1954, a 2023 kuma Fafaroma Francis ya kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina ya naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishof na farko. Jagorancin ikkilisiya a ƙasar nan yana hannun 'yan ƙasa, ya kamata kayan horar da su ma su fito daga harshensu da irin rayuwar da suke yi.

A daren nan ne na ga abin da ya sa nake ba da shaidar bitar da zuciya ɗaya. Muna shan shayi kafin zaman dare, sai aka kira wani matashin mai bishara a waya aka ce an kawo ƙaramar 'yarsa asibiti a cikin gari, zazzaɓi ya yi tsanani har tana suma. Yaron ya rikice, ya rasa ta inda zai fara, ga shi baƙo ne a Katsina. Baba ne zai jagoranci zaman, takardunsa suna hannunsa. Ya ajiye kofin da bai kai rabi ba, ya miƙa takardun ga wani dattijo ya ce, "Malam, ka riƙe mini jama'a," ya ɗauki hularsa da tocila, ya kama hannun yaron suka fita neman keke mai ƙafa uku. Akwai matasa da dama da za a iya aikawa, kuma babu wanda zai ga laifinsa in ya aika. Ƙarfe ɗaya na dare ta wuce na ji shigowarsa, ya lallaɓa ya kwanta a katifarsa da ke bakin ƙofa, domin tare da mu yake kwana duk da an tanadar masa ɗaki. Da asuba shi na fara tararwa a wurin addu'a. Ya sanar cewa yarinyar ta farfaɗo, aka yi godiya ga Allah, bai ƙara ko kalma ɗaya a kan tafiyarsa ba, bai kuma mai da ita misalin darasi ba. A wurin abinci ma shi ne na ƙarshe a layi kullum, kuma da kansa yake wanke kwanonsa.

Da safen rana ta uku ya ɗan taɓa tarihi, ya tuna mana cewa a zamanin Turawan mulkin mallaka ba a bar 'yan mishan sun yi aiki a sake a cikin masarautun Arewa ba, ƙofar da ta buɗe wa mishan ɗin SIM a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ita ce jinyar masu cutar kuturta a Babbar Ruga, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Ya ce a nan ƙasar an fara sanin masu bi ne da wanke gyambon mutanen da kowa yake gudu, tun ba su da ginin da za a nuna. Kafin a tashi kuma ya liƙa lissafin bitar kanta a bango, abin da aka tara da abin da aka kashe, har kuɗin gawayi da na ruwan leda da ɗan abin da aka ba masu dafa abinci, ya ce duk mai tambaya ya yi. Ma'ajinmu ya daɗe a tsaye gaban takardar nan yana bin ta da yatsa.

Babban giɓin bitar, a nawa ganin, shi ne matsalar tsaro. Akwai waɗanda suka zo daga yankunan da 'yan bindiga suka addaba, irin su Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari, inda mutane suka bar gonaki, wasu ƙauyukan ma suka watse. Wani dattijo ya tambaya, in an sace ɗan ikkilisiya aka nemi kuɗin fansa, iyalinsa suka sayar da abin da suke da shi bai kai ba, shin a taɓa kuɗin gini ko kuwa? In 'yan gudun hijira suka cika harabar majami'a, wane kwano za a kwashe don a ciyar da su? Wannan tambaya ta zo ne saura minti 20 a rufe taro. Baba ya amsa da gaskiya cewa magana ce mai bukatar yini guda nata, amma ga mutanen da suke kwana da wannan fargaba, batun abin da za a sa gaba daga nan yake farawa, bai kamata a bar shi sai wani ya ɗaga hannu ba. Haka kuma mata shida ne kawai a cikinmu, alhali kowa ya san su ne suka fi cika kujeru ran Lahadi, zumuntarsu ce kuma take ɗauke da yawancin dubiya da girkin makoki. Shugabannin matasa ko ɗaya ba a gayyato ba.

Da muka dawo mun nemi a ba mu lokaci a zaman dattawa, Mama ta zo da wakenta da kwanukanta daga gida, muka maimaita rabon a gabansu. Ba a rabu da sauƙi ba. Wani dattijo da ya ba da siminti mai yawa daga aljihunsa ya ce in aka sassauta yanzu, farashi zai tsere mana, ginin ya zama kango, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya ga duk wanda ya ga yadda kaya suka tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Bayan zama biyu aka tsaya a kan cewa za a kammala rufi da ƙofofi, a jingine tayil da fenti, baikon Lahadi ɗaya a kowane wata ya tafi ga gwauraye da marayu a littafi dabam wanda mata biyu da dattijo ɗaya za su riƙe, a kuma riƙa karanta lissafi a gaban jama'a duk wata uku. Fastonmu ya miƙa makullin sito ga wani dikin, ya kuma keɓe Laraba don ziyarar gidajen da ke bakin gari.

Ga ikkilisiyar da take tunanin tura mutane, shawarata ita ce kada a tura fasto shi kaɗai, domin in ya dawo da maganar shi ɗaya za a ce ra'ayinsa ne. A haɗa shi da ma'aji da shugabar mata, in da hali a ƙara da shugaban matasa ko da ba a ambace shi a takardar gayyata ba. A tafi da littafin kuɗi na ainihi, wanda ake rubutu a ciki kowace Lahadi, kada a kwafo wani sabo don taron. A riƙe bargo da bokiti, domin sanyin Katsina a wannan lokaci ba ya wasa. Ni kuma na rubuta wa masu shirya bitar wasiƙa na roƙe su abu uku kafin zagaye na gaba: su fassara takardun duka zuwa Hausa, su ƙara makewayi, su kuma ware yini guda cur don ikkilisiyoyin da ke yankunan da ba a kwana da ido biyu rufe.